Telan da Ya Iya Kuskure

A layinmu ba wanda ke kiran kawuna da sunansa. Kuskure ake ce masa, kuma yana amsawa. Ya fi shekara talatin yana ɗinki a shago ɗaya mai ƙofar ƙarfe, da baƙin keke na ƙafa, da bencin baƙi wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Duk bayan wata biyu ko uku sai ya ɓata wani ɗinki: ko aljihu ya karkace, ko maɓalli ɗaya ya bar layin 'yan'uwansa. Sai ya rataye rigar a bakin ƙofa yana ta mita, wai mai ita ya ƙi karɓa. Daga nan ya tare wani mai wucewa, ya roƙe shi ya rufa masa asiri ya ɗauke ta, don ganinta na sa masa ciwon kai.

Wanda ya fi kowa rufa masa wannan asiri shi ne Hedimasta, tsohon shugaban firamare da ya yi ritaya, ga iyali, ga hannu ba kamar da ba. Kullum da hantsi yana kan bencin nan da jaridar jiya. Yakan ce da Kawu a ajinsa yake, da har yau bai wuce aji uku ba. Kawu kuma ya ce ai ɗaliban Hedimasta ne suka koya masa awo. In an sami ɓatacciyar riga, sai Hedimasta ya jujjuya ta, ya yi tsaki, ya ce zai ɗauka ne kawai saboda zumunci.

Ni na dawo gida bayan shekara bakwai ina karatun jarida a waje, da halin tambayar abin da ba a tambaya. Kawu ya laƙaba mini Baturiya. Na sami aiki a gidan talabijin, a wani shiri na gasar kyauta: a zaɓo mutum goma, kowa ya yi ta alheri kyamara na bin sa, masu kallo su yi zaɓe ta waya, duk mako a sallami ɗaya. Aikina shi ne nemo masu shiga.

Wata rana ina zaune a shagon na lura da wani abu. Hedimasta dogayen hannuwa gare shi, kafaɗarsa ta hagu kuma ta ɗan sauka. Amma rigar da aka ce wani ne ya ƙi karɓa ta zauna masa daram, har kafaɗar. Da na koma gida na tambayi Inna. Ta yi dariya ta ce ashe karatun bai tafi a banza ba. Ta ce ƙanenta bai taɓa ɓata ɗinki ba tun yana saurayi. Da ido yake auna mutum, ya sayi yadin da kansa, ya karkata aljihun da gangan. Sannan ta daina dariya ta ce abin da na gani in bar shi a cikina.

Ban bari ba. Inda na yi karatu an koya mana cewa alheri ana bayyana shi don wasu su yi koyi, kuma na yarda da hakan har zuciyata. Na lallashi Kawu, na ce so ake kawai a ɗauki tela yana aikinsa, kuma wanda ya ci gasar za a ba shi kekunan ɗinki ya raba wa matan unguwa. Kekunan ne suka ja shi. Maganar aljihu kuwa na kai wa shugaban shirin, ban gaya wa Kawu ba.

Ranar ɗaukar hoto aka cika shagon da fitilu da wayoyi. Hedimasta ya zo cikin shuɗiyar rigarsa mai karkataccen aljihu, ya shirya tsaf zai ci mutuncin abokinsa a gaban duniya. Ya kuwa yi, har mai riƙe kyamara na ƙunshe dariya. Sai mai gabatarwa ya dafa kafaɗar Hedimasta, ya sassauta murya, ya sanar da shi cewa babu wani mai riga da ya taɓa ƙin karɓa; shekara goma sha ɗaya ke nan wannan bawan Allah yana tufatar da shi a ɓoye. Aka matso da kyamara fuskarsa ana jiran hawaye.

Hedimasta ya dubi aljihun, ya shafa shi da babban yatsa.

"To," ya ce. "Na gode, malam tela."

Ban taɓa jin ya kira Kawu da wani suna ban da Kuskure ba.

A mako na biyu aka sallami Kawu. Wata mai raba katifu ce ta kwashe ƙuri'u, don mutanenta sun iya kuka. Kashegarin ranar da aka nuna hoton da muka ɗauka a shagon, bayan duk layi ya kalla, Hedimasta ya shigo da jaka. Rigunan ne, a wanke, a goge, a ninke. Kawu ya ce masa haba, ya zauna mana su yi magana. Bai zauna ba.

"Jikokina sun kalla," ya ce. "Da ka bar ni ina zaginka, da ya fi mini."

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Sau ɗaya na ba shi haƙuri, yana zura zare a allura, ya ce, "Baturiya, ke riga kika ga ina ba shi. Shi kuwa a saninsa shi ke taimakona. Wannan ce ba zan iya sake ɗinkawa ba."

Na je gidan Hedimasta sau biyu. Ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi Inna, ya rako ni har ƙofa.

Yanzu idon Kawu ya fara rauni. Watan jiya ya ɓata wata riga da gaske, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya rataye ta a bakin ƙofa ya yi ta roƙon masu wucewa. Kowa sai ya yi murmushi ya ce Allah ya saka da alheri, yana da kaya. Ni ce ke zama kan bencin in na taso daga aiki, amma ban iya tsiya ba, kuma ba na zuwa da jarida. Hedimasta har yanzu yana bi ta layin da hantsi, ta ɗaya gefen titi, cikin wata tsohuwar riga da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Kawu yakan tsayar da keke ya bi shi da ido, na san auna shi yake yi.