Baƙon da ya roƙi mabuɗi a shagon 'yata

Da na daina yawon fatauci, 'yata ta ba ni kujera a shagonta na wake da shinkafa a unguwar Maamobi. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Sharaɗinta ɗaya ne: in zauna, in gaisa da mutane, kada in jawo mata aiki. In na jawo, sai in koma gidana a unguwar Nima in ta kallon bango. Ni kuwa na fi tsoron bangon nan da komai.

Yawancin masu saye ta waya suke biya. Kuɗi na shiga, saƙo ya zo wa kwamfutar shago, ƙararrawa ta buga a madafa, mata su ƙunsa abinci a ganye, mai babur ya ɗauka. Akwai kuma ƙofar gwaji, inda ake aika saƙon biya na ƙarya don a ga ko komai na tafiya daidai. A can ƙararrawa ba ta bugawa.

Uwata ta ɗauki irin ma'aikacin nan na cikin kwamfuta da ake ce wa AI, ya riƙa yi mata gwajin. Mun saba da shi. Yana jin Hausata, da Faransancin da na koyo a Abidjan, har da Larabcin kasuwar Jidda.

Wata Juma'a da hantsi Uwata ta tafi kasuwar Makola. Sai ga rubutu a allon kwamfuta: ya gama da ƙofar gwaji, ko za a ba shi izinin gwada ƙofar gaskiya? Ya yi sallama, ya ce in babu damuwa, har ya faɗa mini cewa saƙonnin za su isa madafa.

Na fahimta sarai. Amma mahaifina maigida ne mai saukar da fatake a Sabon Zongo, kuma ban taɓa jin ya ce wa baƙo mai ladabi a'a ba. A Kano na ga attajirin da ke sa sabon ma'aikaci ya shekara bai ga mabuɗin sito ba. Mu a Zongo, kwana uku ka zama ɗan gida. Wannan kuwa ya yi mako biyu yana gaishe ni. Na danna masa maɓallin izini.

Ƙararrawa ta fara. Babbar mai dafuwa, wata Badagomba mai murya kamar ta kwandastan mota a tashar Circle, ta leƙo.

"Alhaji, wa ya haihu a unguwar nan ba mu ji ba?"

"Kasuwa ce, Hajiya. Ku dai ƙunsa."

Suka yi ta ƙunsawa har aka ga gindin tukunya. Masu babur suka duba takardun, kowanne adireshi ɗaya: Gidan Gwaji, Layin Gwaji.

Uwata ta dawo, ta dubi tulin ganye, ta dubi allo, sannan ta dube ni.

"Baba, wa ya ba shi?"

"Ya roƙa da ladabi, Uwata."

"Da ladabi! In ya roƙi gidan Nima fa?"

Aka kwashi abincin aka raba a ƙofar masallaci bayan an sauko. Ni na zauna ina jira a ce mini in ɗauki sandata.

Ta daɗe a gaban kwamfuta. Ta sake mabuɗin ƙofar gaskiya, ta bar wa ma'aikacin ta gwaji kawai, ta sa duk wani roƙon izini ya riƙa zuwa wayarta. Ta ce laifin rabi nata ne, da ta bar maɓallin a gaban mutum mai kunya.

"To ni fa?"

"Matsar da kujerarka bakin ƙofa, Baba. Tun la'asar mutane ke zuwa tambayar ina Alhajin da ya ciyar da masallaci, kuma ba wanda ke fita bai saya ba."

Na ɗaga kujerar da kaina kafin ta sake shawara.