Ai Yanzu Ta Yi Sauri

Bayan yaƙin basasa Baba ya koma Fatakwal shi kaɗai, ya bar Inna a Kano da goyo. Bai iya boko ba, don haka kaset yake cikawa da magana ya ba direbobin motar goro su kai mata. A ciki yake ba ta labarin yadda ya tarar da rumfarsa ta Diobu ba rufi, da yadda kuɗin mai ya haukata gari har leburori na sayen rediyo. Wani lokaci sai ya manta da naɗa yake, ya shiga ciniki da mai sayen albasa, ko ya yi tari ya ce mata kada ta damu, raɓa ce.

Kaset ɗin sun biyo Inna Fatakwal, suka zauna cikin kwalla har Baba ya rasu. Danshin garin nan kuwa ba ya barin komai. Da na ga zaren ya fara fumfuna, na kai wa wani mai gyara a Mile 2 ya juye su cikin kwamfutar da nake buga jarrabawar Islamiyya da ita. Ba a jima ba kaset ɗin suka gama ruɓewa. Duk Juma'a Inna takan hau okada ta zo gidana, ta zauna kan tabarma ta ce, "Kunna mini Malam."

Sai ga ƙanin mijina, wanda ke zaune a ɗakin zaurenmu. Mutum ne mai bakin dariya, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan yake tsokanata, kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanin miji. A lokacin ya fara sana'ar tura wa mutane fina-finai a memori, da kwamfutata yake lallaɓawa. Na je suna Inugu, na dawo na kunna, na tarar da allo fes. Ba jarrabawa, ba Baba.

"Matar Yaya, had-dis ɗin ne ya cika, ta yi nauyi," in ji shi, yana cin gyaɗa. "Sai na yi wa kwamfutar fomat, na goge komai. Ai yanzu ta yi sauri. No vex."

Na ɗauki kwamfutar a ka har wurin mai gyara. Ya duba ya girgiza kai: fina-finan Indiya sun riga sun hau kan wurin, ba abin da zai dawo. Da na kai ƙara, surukata ta ce, "Haba 'yar nan, abokin wasanki ne fa. Wa ke fushi da ƙanin miji?" Maigidana ya ce in yi haƙuri. Na ce na yi, amma ƙarya nake. Na tsani yaron nan har cikin raina, in na zuba masa tuwo ji nake kamar in kife masa kwanon a ka.

Inna kuwa ce mata na yi na'urar ta lalace, ana gyara.

Na koma wurin mai gyaran na ce ya koya mini fomat. Ya nuna mini faifan da ake sawa, da inda na'urar ke tambaya ko ka tabbata. Na sayi faifan na ajiye ƙarƙashin zannuwana, na ci gaba da amsa wasa da dariya.

Harka ta buɗe wa ƙanin mijina. Ya kama shago, ya sayi tasa kwamfutar, ya tara fina-finai da waƙoƙin da yake cika baki cewa ko a Anacha ba mai irinsu. Cikin azumi ya tashi zuwa arewa gaisuwar iyayen yarinyar da yake nema, kuma da yake ruwa na shiga shagon, ya kawo kwamfutar falona.

"Matar Yaya, ga amaryata nan, ki kula da ita. Ta cika har tana nishi."

"Kada ka ji komai, ƙanena," na ce. "Zan kula da ita yadda ka kula da tawa."

Ya yi dariya ya tafi. Washegari da hantsi na tayar da janareta don kada Nefa ta katse mini aiki. Da na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na yi bisimilla na danna. Na zauna ina kallon layin yana tafiya a hankali har ya kai ƙarshe, kuma wallahi daɗi na ji.

Ya dawo ana jajibirin Sallah, lokacin da samari ke layi da wayoyinsu. Ya ɗauki kayarsa ya tafi shago, kafin la'asar sai ga shi ya dawo ba hula, idanu jajur, surukata na biye da shi.

"Anti, me kika yi mini?"

Ranar ce ya fara kirana Anti. Na ci gaba da yankan alayyafona.

"Na ji tana nishi ne. Ai yanzu ta yi sauri. No vex."

Surukata ta buɗe baki, na riga ta. "Wasa ne, Hajiya. Wa ke fushi da matar wa?" Ta rufe bakinta ta juya.

Ya yi asarar cinikin Sallah, ya daina shiga falona. Amma kafin Babbar Sallah ya bi abokan sana'arsa shago-shago ya kwafo komai, kwamfutarsa ta sake cika. Wannan ne har yau yake ci mini rai, kuma shi ya sa ban yafe ba.

Inna ta daɗe tana zuwa ran Juma'a tana tambaya ko an gama gyaran. Wata rana ta zo ba ta tambaya ba. Ta zauna kan tabarma ta fuskanci kwamfutar a kashe, ta fara maganar kaset ɗin da bakinta: "Salamu alaikum, uwar gida, ina fatan kuna lafiya, rumfa dai na same ta ba rufi." Da ta iso inda Baba yake tari, sai ta yi tarin.