Wa Zai Auna Mana Ruwan, Ba Umara?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, uku ga watan Yuni, ina buɗe shagona a unguwar Lamisula aka gaya mini Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Ba Umara, ma'aikacin da ke duba lafiyar madatsar ruwan da ke sama da garinmu.

Ba Umara, shekara ashirin da biyu kana wannan aiki. Da gwamnati ta daina sakin kuɗin duba madatsar, motar ofis ta kwanta, abokan aikinka suka koma zaman gindin darbejiya. Kai kuwa duk Alhamis sai ka zuba wa babur ɗinka mai daga aljihunka ka tafi. Na'urar awo ta lalace, sai ka koma tara gwangwanin madara a inda ruwa ke tsattsafowa a gindin bangon madatsar, kana duba agogo ka ga daƙiƙa nawa zai cika. Muka sa maka suna Mai Gwangwani, har ni da bakina. Ka yi dariya ka ce mini, "Imran, in ruwan ya fito garau, yi barcinka. In ya fito da laka, bangon ne ke cin kansa ta ciki."

A kan maganarka muke barci. Ko hadari ya haɗu, tsofaffin unguwa kai suke tambaya kafin su duba sama. Ba ka taɓa tsorata mu ba, ba ka kuma taɓa yi mana ƙarya ba.

Yau ga damina ta kama, an ce babu kuɗin ɗaukar wani a gurbinka bana. Wallahi ina jin tsoro. Wanda ya taɓa ganin ruwa a ɗakinsa har wuya ya san abin da nake nufi.

A wurin zaman makoki na kasa daurewa, na tambayi mai ɗakinka Ya Aisa ko ka bar wata magana game da daminar nan. Sai ta ce, "Ya ce kafin Agusta in kwashe yara mu tafi Biu." Ni kuwa yarana biyar, ga tsohuwa da ba ta iya tafiya, kuma ba mu da kowa a Biu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Ya Aisa da yara haƙurin rashinka. Mu da ka bari a ƙasan bangon nan, Allah Ya tsare mu.