Kwamfutar da ta kasa rubuta sunan 'yata

Har na rungume kwamfutar zan ce na saya, sai mai kayan ya dafa mini hannu.

A Magama ne, nan bakin iyaka. 'Yata Hafsat za ta tafi makarantar lauyoyi, an ce kowa ya zo da tasa. Ni kuwa da na tsufa a kasuwa, wa zai koya mini sayayya? Na ƙwanƙwasa, na ɗaga na ji nauyi, na duba batir. Komai tsaf.

Mai kayan, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya ce, "Alhaji, wa za ka sayo ma ordinatar ga?"

Na ce, "Lauya, in sha Allah. Saboda haka ka iya bakinka."

Ya yi dariya. "To, rubuta muna sunan lauyar."

Na danna Hafsat harafi-harafi. Sai ga Hqfsqt.

Ya ce, "Cikinta Turanci, maɓallanta na Faransanci. Mu can mun saba. Amma ɗiyarka da za ta kwan biyu tana rubutun shari'a, wahala za ta sha. Tashi mu je."

Da ƙafarsa ya raka ni shagon maƙwabcinsa, ya zaɓo mini wadda ta dace. Ya bar cinikinsa don yarinyar da bai taɓa gani ba.

Duk wayona, saura kaɗan in kai wa lauya kwamfutar da ba ta san sunanta ba. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.

Ku fa, wane mai kaya ya taɓa hana ku sayen kayansa?