Gurbin Juwairiyya

Yayana Awwalu ya shigo Anacha a bayan motar albasa tun yana saurayi, kuma har gemunsa ya yi fari bai taɓa yarda cewa zama ya zo yi ba. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, a nan ya jawo ni da mijina ya rasu, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka shi baƙo ne. A Kasuwar Relief kowa ya san rumfarsa. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu. Sai dai taurin kai, wayyo Allah! Ko gado mai nauyi ya ƙi saya, wai wa zai ɗauka ranar komawa gida. Yaren garin ma ya ƙi koya, da turancin buroka da nuni yake ciniki.

'Yarsa Juwairiyya kuwa 'yar Anacha ce sak. In ta juya harshe da matan kasuwa, sai ka leƙa fuskarta kafin ka yarda Bahausa ce. Ga kai, tubarkalla. Tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama, muna dariya, har ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a aka ba ta gurbin karatun likita a wata jami'a a Inugu. Ku da kuke da yara kun san yadda gurbin nan ya zama yanzu: dubbai ke nema, 'yan kaɗan ake ɗauka. Na yi guɗa har maƙwabta suka fito.

Yaya ya dawo daga kasuwa, uwarta Ramlatu ta gaya masa. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ce, "Madalla. Amma a gida za ta yi."

Na ce, "Wane gidan, Yaya?"

Ya ce, "Kano mana. Tabawa, ke ma tambaya kike?"

Haka mutanenmu na nan suke yi, kar ku ce shi kaɗai ne. Yaro ya tasa, sai a tura shi Arewa, wai kada ya ɓace a cikin yare. Na gaya masa Inugu ga ta nan, akwai unguwar Hausawa, akwai ƙawata Kande da za ta riƙe ta kamar 'yar cikinta. Na ce gurbi ba albasa ba ne da za ka ajiye ka jira kasuwa ta yi kyau. Ya ce in bar shi da iyalinsa. Juwairiyya tana tsaye bakin ƙofa, abin da ta ce kawai shi ne, "Baba, in lokacin rajista ya wuce, shi ke nan fa." Ya ce mata Kano garinsa ne, magana ɗaya zai yi a ba ta gurbi a can.

Ni na raka shi da Juwairiyya tashar Upper Iweka suka hau motar Kano. Yaya sai fara'a yake, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Abin da ya tarar, daga bakinsa na ji, don haka ba ƙari. A jami'ar da ya nufa aka ce masa ba a shiga haka, yarinya ba ta zaɓe su ba tun farko, sai dai ta sake jarrabawa baɗi. Aka ce kuma ya tanadi takardar shaidar cewa ita 'yar asalin jihar ce. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya nufi Indabawa, unguwar da aka haife mu. Gidan mahaifinmu an daɗe da sayarwa, an rushe an yi shaguna. Mai unguwar da ya san shi ya rasu, ɗansa ke kai, yaro matashi. Ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, sannan ya ce, "Baba, wa zai shaide ku a nan?" Yaya ya kira sunan wannan, an ce ya rasu. Ya kira na wancan, an ce ya koma Abuja. Sai da suka yi yawo ya gaji kafin aka samo wani tsoho makaho da ya gane muryarsa.

Takarda dai ta samu. Amma kafin su dawo, Inugu sun rufe rajista, an ba wani gurbin.

Da shekara ta zagayo ta sake zama jarrabawar, ta ci, sai dai makin bai kai na likita ba, yarinyar da ta shekara tana kuka. Aka ba ta wani fannin da ba ta nema ba, a can Arewa. Ta tafi. 'Yan ɗakinsu suna kiranta 'yar kudu, suna kwaikwayon Hausarta, in ta ce okada maimakon acaɓa su fashe da dariya. Ba ta gama zangon farko ba malamai suka shiga yajin aiki, ta dawo ta zauna wata da watanni. Da aka koma, kuɗin makaranta ya yi tsalle, kasuwar albasa kuma ta faɗi a shekarar. Ba wanda ya ce mata ta bari. Ita ce ta kwance jakarta ta jera kayan a ɗaki, ta fara bin uwarta wajen suyar awara. Wallahi har yau in na gan ta gaban kasko sai zuciyata ta yi zafi, kuma na fi jin haushin Yaya don na san yana son yarinyar nan fiye da ransa.

Bara ciwon suga ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti. Juwairiyya ce mai yi masa tafinta. Wata 'yar yarinya ta zo duba shi, ɗalibar likita, farar riga har gwiwa, ba za ta girmi Juwairiyya ba. Suna magana da yaren garin, tana tambaya, Juwairiyya tana amsawa, har suna murmushi. Da ta gama rubutu sai ta ɗago ta yi mata wata tambaya. Ni ina jin yaren, na ji abin da ta ce: wace jami'a take, shekara ta nawa?

Juwairiyya ta sunkuyar da kai ta ce ba ta karatu.

Yaya ya ce, "Me ta ce?"

Ta ce, "Tana tambaya ne ko ka ci abinci, Baba."

Ya dube ta, ya dubi farar rigar, ya gane abin da aka tambaya. Sannan ya ce, "Gaya mata ni na hana."