Turanci a Kan Allo

Allon na fara gani kafin in ga mai shi. Yana jingine da dalbejiya a bakin tur'a, wato hanyar ruwan da take shayar da gonakin audugar ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad. Allo ne irin wanda muka yi karatu da shi muna yara, sai dai sabo ne, kuma rubutun ya taso daga hagu. Na sauke jarkar ruwana ina kallo, sai ga ɗan kawuna ya fito daga cikin auduga, ƙafafunsa duk taɓo.

"Taubashi, wane karatu ne wannan mai tafiya da baya?"

"Turanci ne, baƙauya. Ba irin na aji ba, na manya."

Ya gama sakandare bai samu jami'a ba. Sai ya ji wata ƙungiyar agaji za ta ɗauki tafinta a garin Hasahisa bayan an gama tsinkar auduga, wanda ya iya Hausa da Larabci da Turanci. Biyun farko da su ya tashi. Don na ukun ya sayo ƙamus a wurin tsohon da nake sayen littattafan soyayya a hannunsa, ya sa aka sassaƙa masa allo. Hanya ɗaya muka sani ta mallakar littafi, ita ce hadda. Ya rubuta kalmomi da tawada, ya yi ta biyawa yana rangaji, in sun zauna ya wanke, ya rubuta na gaba. Daga harafin farko ya fara, bai tsallake ko ɗaya ba.

Babana bai ƙi shi ba. Cewa ya yi dai ba zai ba da ni ga wanda ba shi da hawasha, gonar kansa, sai bin gonakin mutane yana ƙwadago. In ya samu aikin nan, a kawo goro. Saboda haka kowace kalma a allon nan, a wurina, tubalin ɗakina ce.

Da la'asar nakan je gidan kawu in riƙe masa ƙamus. In faɗi ma'ana da Larabci, ya kawo kalmar. Ashe Turawa suna da suna guda na ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Suna da na mutumin da ya samu iko a kan maƙiyinsa ya yafe, da na abin da yake da kyau amma ba ya daɗewa. Ya san wacce ake faɗa a kotu, wacce ake rubutawa a waƙa. Ni kuwa ina kallon bakinsa, ina ganin mu a gida mai fanka, yana dawowa da farar riga kamar samarin cikin littattafaina.

Inna, mahaifiyarsa, tana soya gahawa tana mana dariya. Ruwan wankin allon a gindin lemun tsami yake zubarwa.

"Wallahi lemun nan sai ya riga ka jin Turanci," in ji ta.

"Ki bari kawai, Inna. Ran da na kawo miki sukari buhu guda za ki janye."

Ranar ganawar neman aikin ya tafi da rigar aro. Kafin magariba ya dawo, bai shiga gida ba, ya wuce bakin tur'a. Can na same shi.

"Yaya, me ya faru?"

Ban taɓa ce masa Yaya ba sai ranar.

Ya ce Baturiyar da take gwada masu neman aikin ta yi masa gajeriyar magana. Bai gane ba. Ta sake, ta kuma sakewa a hankali, shi dai ƙara yake ji kamar ruwa yana bin kwalbati. Kalmomin nan duka a ido ya san su da kuma bakinsa, bai taɓa jin su daga bakin wani ba. Ya roƙe ta ta rubuta. Ashe tambayarsa take ko ya sha wahalar hanya. Wani ɗan birni aka ɗauka, wanda ya koyi nasa a finafinan waya.

"Amma ai da ta rubuta ka gane," na ce.

"Ke, an taɓa ganin tafintan da ake rubuta wa?"

Bayan sallah ya bi masu haƙar zinariya zuwa arewa, ko sallama bai yi mini ba. Na jira, don a littattafaina kullum dawowa suke yi. Da jiran ya ishi kowa, na auri wani ɗan kasuwa a garin Hajj Abdalla, mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa.

A kasuwar garin na sake ganinsa bayan shekaru, zaune a bayan tarin albasa, furfura ta ci gemunsa. An yi yayyafi da safen, ƙasa tana tashi da ƙamshin nan. Na ce, "Taubashi, yaya ma sunansa da Turanci?" Ya dube ni, ya amsa da Larabci cewa albasar ta bana ce, in zaɓa. 'Yarsa da take kusa ta ce mini ko Hausa ba ya yi musu a gida, ya ce harshen da ba ya ciyar da mutum nauyi ne kawai.

Allon yana nan a gidan Inna. Da shi take rufe randa.