Mai Ɓeraye Bai Bar Wa Kowa Magani Ba

Bari in ƙulla muku kacici-kacici kafin hawaye su sha kaina. Wane ne wannan: fari tas, ba ya noma, ba ya biyan haya, da sikeli ake auna masa abinci, mai digiri ke masa shara, kyanwa kuma ba ta isa ta leƙa ɗakinsa ba?

Ranar Talata, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran jikana, ɗan babbar 'yata, bayan gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. A wurin aiki Dakta suke ce masa. Ni kuwa Mai Ɓeraye na raɗa masa, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Maigidana, ka tuna ranar da na ce maka, duk wannan dogon karatu ashe kiwon abin da nake ɗana wa tarko za ka yi? Dariya ka yi, ka kai ni ɗakin gwajinku. Aka zura mini farar riga har tana jan ƙasa. Ka nuna mini keji jere a kan kanta, cike da ɓeraye. Waɗansu abinci mai maiƙo zalla suke ci, waɗansu ana haɗa musu da garin tafarnuwa, waɗansu da man kifi. Ka ce kana son ka ga ko ƙarin zai rage kolestarol, wato kitsen nan da ke toshe hanyar jini. Da idona na ga kana ɗibar jini a wutsiyar guda, kana ba shi haƙuri kamar ka taka surukinka.

Da asibiti suka ce ni ma kitsen ya yi mini yawa, suka ɗora ni kan ƙwaya, sai na tuna ka ce na masu cin tafarnuwa ya sauka. Na ce to, a auno mini mudu guda in huta da haɗiya.

Ka ce, "Tsohuwa, ina wutsiyarki?"

Na ce ban da ita.

Ka ce, "To ke ba ɓera ba ce. Abin da ya yi musu ba lallai ya yi wa mutum ba, mu kanmu ba mu gama duba hantarsu ba. Ki ci tafarnuwarki a miya, amma ki sha ƙwayarki."

Tun daga ranar, kowace safiya wayarka ce ke riga shayina: "Amarya, an haɗiye ko in sake ki?"

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ban wuce aji huɗu ba, shi ne wannan. Ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, mai shagon kan kwana ya fara ɗura garin tafarnuwa a kwalba yana liƙa masa "Haɗin Dakta". Maƙwabciyata mai ɗinki ta zo mini gaisuwa, take faɗa mini ta ajiye ƙwayarta ta koma kan haɗinka. Na ja sandata na tafi shagon. Na ce, "Ɗan nan, ko ka ɓare sunan jikana daga kwalaben nan, ko in kawo kujera in zauna a ƙofarka in ba duk mai shigowa labari. Ka san ba na gajiya da labari." A gabana ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗinki kuma ta koma wurin likitanta, ni na raka ta.

Don haka kowa ya ji daga bakina: jikana bai bar wa kowa magani ba. Ya bar aikin da bai kammalu ba, kuma bai taɓa faɗin abin da gwajinsa bai nuna ba. A kan wannan ina da tabbaci, da shi zan shaide shi a gaban Ubangiji.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka biyu, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Amsar kacici-kacicin kuwa, farin ɓeran ɗakin gwaji ne. Suna nan cikin kejinsu, abokiyar aikinsa ce ke auna musu abinci yanzu.